Garuruwan Zango a Zamanin Mota

Duk wanda ya fita daga birnin Sakkwato ya nufi kudu, ya bar filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a gefensa, ya ratsa Boɗinga da Sifawa, ya shiga ƙasar Shagari inda garuruwa irin su Mandera da Lambara da Kajiji suke, har ya dangana da Tambuwal da Jega, to lalle ya bi ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin ƙasar Hausa, ko da yake kwaltar da motarsa ke gudu a kanta ba za ta sanar da shi haka ba. Galibi idan mutanenmu suka zauna muhawara a kan fa'idar zamani da illarsa, sukan tafi kai tsaye ga rediyo da talabijin da wayar hannu, alhali kuwa abin da ya fara juya rayuwar waɗannan garuruwa, tun kafin a san ɗayan waɗancan, shi ne saurin tafiya. Malaman usulu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an ɗora maslaharsa da mafsadarsa a kan mizani guda, kuma hanyar nan ta cancanci a yi mata wannan adalci.

Darajar hanyar ta samo asali ne daga zamanin jihadi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, ya zauna a Sifawa yana karantarwa yana wallafa littattafai, ƙanensa Malam Abdullahi yana Boɗinga kusa da shi, ɗansa Muhammadu Bello kuwa yana Sakkwato, birnin da ya gina a 1809. A Sifawa ne, a 1812, Shehu ya raba al'amuran mulki, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas, kana ya koma Sakkwato a 1815, inda ya rasu a 1817. Da Malam Abdullahi ya tabbata a Gwandu, sai daular ta zama mai fada biyu, wannan yanki kuwa ya zama tsakar gidan da manzanni da alƙalai da almajirai da mahaya ke kai da kawowa a cikinsa dare da rana. Shugabannin jama'ar ba su ɗauki hanya ƙaramin abu ba, domin a cikin Usulus Siyasa, nasihar da Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa gyaran hanyoyi da raya kasuwanni da kula da masu sana'a a cikin abubuwan da suka wajaba a kan shugaba. A wajejen 1820 kuma Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega, wadda ba da jimawa ba kasuwarta ta zama mahaɗar gishirin Foga da tufafin Kano da Nufe da goron Gwanja.

Amma kada mai karatu ya zaci aminci ne ya lulluɓe hanyar a kowane lokaci. Tun daga 1849, sa'ad da Kabawa suka ɗaga kai a ƙarƙashin Yakubu Nabame, garuruwan da ke tsakanin Sakkwato da Gwandu suka koma kwana da ido ɗaya. Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya bi ta Boɗinga a watan Mayu na 1853, ya yi kwanaki kafin ya isa Gwandu, inda ya sami kwafin Tarihus Sudan. Wannan ita ce tafiyar da ɗan kasuwan yau ke yi bayan sallar asuba, ya gama cinikinsa, ya dawo gida kafin la'asar.

Babbar tafiya a wancan zamani ita ce ta Gwanja. Fatake, waɗanda a cikinsu Kambarin Barebari na Gummi da Agalawa da Tokarawa suka shahara, sukan haɗu bayan an kawar da amfanin gona, su naɗa madugu wanda maganarsa ce yankakkiya, da jagaba mai shiga gaba ya san ruwa da makiyaya da inda 'yan fashi ke fako, da uban dawaki mai tattara kuɗin da za a biya sarakunan hanya, da malamin da zai duba ranar fita ya riƙa rubuta lissafi. Su ɗora wa jakai da takarkarai kanwa da gabu da jan fata da baƙaƙen riguna, su bi ta Jega, su yi fito a Kwara, su ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, su wuce Sansanin Mango da Yandi, har su sauka Salaga. Clapperton ya ci karo da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ya ƙiyasta mutanensa, maza da mata, sun haura 1,000, dabbobin kaya ma kamar haka. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara guda cur.

To, abin lura a nan shi ne, ayari ba ya iya wuce gari ba tare da ya tsaya ba, domin jaki mai kaya ba ya yin fiye da zango guda a wuni, kuma wannan gazawa ta jaki ita ce arzikin garuruwan kan hanya. Da hantsi ya yi ƙarfi a hango ƙura, sai labari ya game gari kafin jagaba ya iso ƙofa. Mata su ɗora tukwane, Fulani su shigo da ƙoren nono, 'yan mata su fito da fura da ƙosai da dafaffen wake, yara su yi daji neman ciyawa da harawa. A bayan gari fatake su sauke mangaloli da wagage, su jera su su zama katanga, su yi turaku, su kafa bukkoki. Maƙeri ya sami aikin gyaran linzami da mashi, baduku ya ɗinke takalmi da salka, wanzami ya yi aski da ƙaho, mai gida ya sauke manyan baƙi a zaurensa, ya ajiye musu dukiyarsu bisa amana, ya nemo musu dillali, ya tsaya musu idan rigima ta kai gaban alƙali. Da dare kuma malamin ayari ya je gaida malamin gari, a buɗe gafaka, a gwada littafi da littafi, wani lokaci a bar wa mai masauki kwana biyu ya kwafi abin da ba shi da shi. Ta haka labarin duniya da ilimi da sabon irin shuka suke shiga ƙauye, ta bakin mutumin da aka ci tuwo ƙwarya ɗaya da shi. Shari'a ta ba baƙo haƙƙin liyafa, ta ba ibnus sabili rabo a cikin zakka, kuma a garin zango waɗannan babuka na fiƙihu aiki ne na yau da kullum.

Goron da suke dawowa da shi kuwa sarauta gare shi. Ana shimfiɗa ganyen fita a cikin huhu, a jera goro, a rufe, a ɗaure tam. Bayan 'yan kwanaki a kwance, a zauna a inuwa a bi shi ɗaya bayan ɗaya, a fitar da wanda sankara ta taɓa tun bai lalata 'yan'uwansa ba, a ware marsa daban, minu daban, a yayyafa ruwa, a sake sabon ganye. Haka za a yi ta yi har watanni, shi ya sa a wancan lokaci goro guda kyauta ce da ake miƙa wa babban mutum da hannu biyu.

Ba na cikin masu yi wa wannan zamani kuka ba tare da tuna abin da ke cikinsa na zalunci ba. A cikin hajar da ayari ke kaiwa kasuwa har da 'yan Adam, kuma da yawa daga cikin masu ɗaukar kaya a ka bayi ne da kuyangi waɗanda ba a tambaye su ko suna son ganin Gwanja ba. Mutane sun mutu a hanya saboda ciwon ciki da kurkunu da kibiyar 'yan fashin Bargu, an binne su a inda iyalansu ba za su taɓa ziyarta ba. Mace takan yi shekara ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba. Wanda ya ce da can komai lafiya lau ne, bai tambayi zuriyar waɗanda suka ɗauki kayan ba.

A kan wannan hanya dai zamani ya shigo da bindigarsa. A watan Maris na 1903 rundunar Turawa da ta taso daga Kano ta haɗu da wadda ta fito daga Argungu a garin Shagari, daga nan suka nufi Sakkwato, aka yi karon Giginya ranar 15 ga wata, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Abin da ya biyo baya ya kashe fatauci a hankali, ba tare da an kafa dokar hana shi ba. Salaga dama ta riga ta durƙushe tun yaƙin basasarta na 1892. Turawa suka ɗora wa ayari haraji, suka soke shi a 1907. Sule da sisi da kwabo suka kori wuri. Dokar 1901 ta 'yanta duk ɗan da aka haifa bayan kafa ta, kafin a haramta bauta ɗungurungum a 1936. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshensa ya kai Ƙauran Namoda ta Gusau a 1929, bai kuwa taɓa isa Sakkwato ba har yau. Goro ya koma biyo teku zuwa Ikko ya hau jirgi, daga baya ma Yarabawa suka shiga nomansa a wajejen Agege da Shagamu, Hausawa suka kafa unguwannin Sabo a can suna saye suna aikowa. Abin da ya rage wa hanyar Jega sai mota, wadda aka share mata hanya da gumin talakawan da En'e ke tarawa aikin dole, ta kuma yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Ni'imar da mota ta kawo ba ta ɓoyuwa, kuma butulci ne a raina ta. A yunwar 1914, wadda Kanawa ke kira Kakalaba, mutane sun mutu alhali akwai hatsi a wasu ƙasashe, saboda dabbar da za ta ɗauko shi daga nesa sai ta ci rabinsa a hanya, idan ma ita kanta ba ta faɗi ba. A farin 1973 kuwa, duk da tsananinsa da asarar dabbobin da aka yi, manyan motoci sun shigo da abinci daga kudu. Macen da naƙuda ta yi wa gardama a Mandera ko Dandin Mahe, a da sai rubutu da addu'a da jiran hukuncin Allah, yau ana iya kai ta asibiti a Sakkwato cikin sa'a guda ko biyu. Maniyyaci a da yakan yi wasiyya, ya yi sallama da dangi sallamar da ba a sa ran wata bayanta, ya bi ta Barno da Wadai da Darfur zuwa Sawakin, yana tafe yana noma yana ƙwadago shekara da shekaru, har jikokin waɗanda guzurinsu ya ƙare suna nan birjik a Sudan. Yau daga filin jirgin da ke bakin wannan hanya yake tashi, ya sauka ƙasa mai tsarki a ranar. Albasar Aliero, wadda kakanni ke busar da ganyenta su kai Gwanja don ita kanta ba ta jure tafiyar watanni, yanzu ɗanyarta ake lodawa a tirela zuwa Ikko da Anaca. Har a fagen ibada abin ya taɓa mu: Risala ta ƙayyade tafiyar ƙasaru da baridi huɗu, wato mil 48, tafiyar da a da sai an kwana a hanya, ga shi yau mutum yana cika sharaɗinta tsakanin azahar da la'asar yana zaune a kan kujera, har ɗalibai suna tambayar malamansu ina mashaƙƙar da aka yi rangwamen dominta.

Garin Shagari kansa ya ba da shaida a kan abin da sabuwar hanya ke iya yi wa ɗan ƙauye. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a can a 1925, ɗan Magajin gari ne wanda ya taɓa fatauci kafin sarauta ta hana shi. Yaron ya yi elementare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, ya tafi Kwalejin Kaduna, ya koyar, ya riƙe ma'aikatar ayyuka ta tarayya a 1965, ya zama shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, aka kuma dawo da shi garinsu aka binne a watan Disamba na 2018.

Sai dai mota ta ba matafiyi abin da ta karɓe daga hannun mazaunin kan hanya. Tunda direba na iya tashi daga Sakkwato ya karya kumallo a Jega, ba shi da bukatar Boɗinga ko Shagari, balle ƙauyukan da kwalta ta kauce musu da mil biyu ko uku, waɗanda suka wayi gari a bayan duniya alhali ba su gusa daga inda suke ba. Dukiyar da ke wucewa ta gaban ƙofarsu a wuni guda yau ta fi abin da ayarin shekara ke ɗauka, amma ba ta kwana. A tsaya a bakin hanya inda aka yi tudun rage gudu a ga abin da ya rage na zango: mota ta lafa, 'yan mata su rugo da farantai a ka, wannan da gyaɗa, wannan da dafaffen ƙwai, wannan da ruwan leda, suna bin taga suna miƙa hannu, fasinja ya karɓa, ya tsaya laluben canji, direba ya taka, yarinya ta bi motar a guje har a jefo mata kuɗinta a kan kwalta. Ba a tambayi sunan kowa ba, ba a gaisa ba. Can gaba yara sun zuba ƙasa a ramin hanya suna ɗaga hannu ko direba zai jefo musu wani abu, kusa da su kuma ga ganyen da yaron mota ya jera a kan titi don shaida cewa tirela ta lalace, albasa tana ruɓewa a rana. Kakannin waɗannan yara su ne masu masaukin da attajiran Gwanja ke ba ajiyar dukiya.

Motar da ke fita da albasa kuma ba ta dawowa wofi. Ita ta kawo atamfa da yadin kanti da suka tsayar da masaƙa da marina, ta kawo roba da ta kori ƙwarya da tulu, ta kawo kwano da simintin Kalambaina da suka sa maginin soro ya rasa magaji, ga ɗakin kwanon ba ya kwantuwa a watan bazara. Kayan sun fi araha, wasunsu ma sun fi ƙarko, ba kuwa wanda ya tilasta wa kowa saye. Amma kuɗin da a da ke zagayawa tsakanin manomi da masaƙi da maƙeri a cikin gari guda, yanzu yana shiga mota ya tafi. Samari suka bi shi. Cin rani tsohuwar al'ada ce a lardin Sakkwato, sai dai ɗan cin rani na da yakan dawo da faɗuwar ruwan fari, na yanzu kuwa sau da yawa yakan zarce yana kabu-kabu ko gadi ko turin ruwa a Ikko da Fatakwal, ya aiko da kuɗin taki ta waya, tsoho da ƙananan yara su riƙe gona.

Akwai kuma wani abin mamaki, wato yadda hanya ta gajarta amma ƙasa ta ƙuntata. Madugu yakan ratsa masarautu da yawa da harsuna dabam-dabam, ba ya ɗauke da takardar shaida, abin da ake nema gare shi kuɗin fito da gaisuwar sarki. Jikokinsa da suka zauna a zangunan Kumasi da Ankara, a watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, mutane suka kwaso abin da hannu zai iya ɗauka suka dawo garuruwan da wasunsu ba su taɓa gani ba. A watan Janairu na 1983 Nijeriya ta yi irin wannan, mutanen Gana wajen miliyan guda suka fita, kuma ƙaddara ta sa hakan ya faru a zamanin mulkin ɗan garin da ke kan tsohuwar hanyar Gwanja. Iyakar Illela da Ƙonni ma, wadda ta raba dangi ɗaya, an rufe ta a 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023.

Mafi nauyin mafsadar, a ganina, ita ce linzamin ya bar hannun mutanen wurin. Jaki yana cin karan gonar mai shi, ya ba shi taki, ya haifa masa wani jakin. Mota kuwa tana shan abin da ake yanke wa farashi a Abuja da kasuwannin duniya. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka ce an janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, kuɗin mota ya ninka, buhun taki da na gero suka bi sahu, manomin Kajiji da bai san an yi shawarar ba shi ya biya. Da wasu suka waiwayi jakin, sai suka tarar ya yi tsada ya yi ƙaranci, domin shekaru ke nan ana loda jakai a manyan motoci ana kai su kudu a yanka saboda fatarsu da ake sayarwa Sin, har Tarayyar Afirka ta haramta wannan ciniki a watan Fabrairu na 2024. Tsoron hanya ma da aka zaci ya tafi tare da mashi da kibiya ya dawo a kan babur, musamman a gabashin jihar Sakkwato, wajejen Isa da Sabon Birni, inda direbobi kan jira juna su tafi a jere, wani lokaci da rakiyar jami'an tsaro, su kuma guji tafiyar dare. Wato sun koma tsarin ayari, ba tare da madugun da sarakunan hanya ke jin nauyinsa ba.

A watan Oktoba na 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin wata sabuwar babbar hanya a Illela, mai tsawon kilomita 1,068, wadda za ta haɗa Sakkwato da Badagiri a bakin teku. Idan Allah Ya nufa aka gama ta, albasa za ta isa kudu ba ta ruɓe ba, kuma haɗarin da ramuka ke jawowa zai ragu. Irin waɗannan hanyoyi dai ana gina su ne don kada mota ta tsaya, saboda haka abin da ya kamaci hakimai da 'yan majalisar Boɗinga da Shagari shi ne su nemi taswirar aikin tun yanzu, su san inda za a yi mararraba da tasha da kasuwa, da kuma wace hanya za ta haɗa garuruwansu da ita, domin bayan an zuba kankare ba a sake shawara.